Idan kwamfuta ta ce kai ɓarawo ne, wa zai ƙaryata ta?

Yau Ingila zan kai ku, domin akwai wata shari'a da aka yi a can wadda nake ganin duk mai riƙe da shago, ko mai yaron shago, ya kamata ya san ta.

A shekarar 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara raba wa ƙananan rassanta wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ke kula da ita. Masu riƙe da waɗannan rassa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. 'Yan kasuwa ne irinmu, mai ɗan kantinsa a unguwa ko a ƙauye, ya karɓi wakilcin gidan waya ya haɗa da sana'arsa. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu kuwa, yadda hukumar ke fassara ta, duk giɓin da aka samu a lissafi wakili ne zai cike daga aljihunsa.

Sai giɓi ya fara fitowa. Mutum ya ƙirga kuɗinsa ya ga daidai, kwamfuta ta ce saura fam dubu biyu. Ya buga waya ofishin taimako, a ce masa ai kai kaɗai ne ke da wannan matsala. Haka aka riƙa gaya wa ɗaruruwan mutane, kowa a ce shi kaɗai ne. Wasu suka ci bashi, wasu suka jinginar da gidajensu, suna cike kuɗin da ba su ci ba. Wasu kuma, don a bar su su buɗe shago gobe, suka sa hannu cewa lissafi ya daidaita alhali bai daidaita ba. Wannan sa hannun ne daga baya ya zama igiyar da aka ɗaure su da ita, da sunan lissafin ƙarya.

Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutum sama da 900. Kusan 700 daga ciki hukumar ce da kanta ta kai su, domin dokar Ingila ta ba ta damar ta zama ita ce mai ƙorafi, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai gabatar da ƙara. Wata baiwar Allah, Seema Misra, an yanke mata wata 15 a 2010 tana da juna biyu. Lee Castleton ya ƙi yarda da giɓin wajen fam dubu 25, aka kai shi kotu, ya faɗi, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam dubu 321, ya karye.

To me ya sa alƙalai suka yarda? Nan ne gizo ke saƙar. Tun wajajen 1999 aka soke dokar da ke tilasta wa mai ƙara ya nuna cewa kwamfutarsa lafiya take aiki. Sai ya zamana kotu na ɗaukar na'ura a matsayin mai gaskiya, sai fa in wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. Yo ta yaya mai kanti zai kawo hujja a kan na'urar da bayananta duka suna hannun wanda ya kai shi ƙara?

Wani wakili a yankin Wales, Alan Bates, ya ƙi sa hannu a kan lissafin da bai gamsu da shi ba, aka kore shi a 2003. Bai haƙura ba. A 2009 mujallar Computer Weekly ta buga labarin, a shekarar kuma ya tara waɗanda abin ya shafa suka kafa ƙungiya. Daga ƙarshe su 555 suka haɗu suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Landan. Hukumar ta kashe miliyoyi tana kare na'urarta, har ta nemi alƙalin, Mai Shari'a Fraser, ya sauka daga shari'ar, ba ta yi nasara ba. A Disambar 2019 ya yanke hukunci cewa Horizon na da kurakurai da ke iya haifar da giɓin ƙarya. Ga misali ɗaya: a wani reshe a Dalmellington ta Scotland, allon na'ura ya daskare lokacin karɓar fam dubu 8, ana sake danna maɓalli tana sake rubuta kuɗin, har giɓi ya kai fam dubu 24. Kotu ta kuma tabbatar ma'aikatan Fujitsu na iya shiga asusun reshe daga nesa su taɓa lissafi, abin da aka daɗe ana musantawa.

An yi sulhu a kan kusan fam miliyan 58, amma kuɗin shari'a ya lashe mafi yawa, abin da ya rage wa mutum 555 bai wuce wajen miliyan 12 ba. A Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke mutum 39, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar da ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda. Wasu ba su ga ranar ba, sun riga mu gidan gaskiya da tabon sata a sunansu.

In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yau daga Kumasi zuwa Kwatano da Yawunde, 'ya'yanmu da yawa wakilan tura kuɗi ta waya ne, wasu suna riƙe da na'urar cire kuɗi, shagunanmu kuma lissafi ya koma cikin waya. Ni ban ce a jefar da na'ura ba, ta rage mana wahala ƙwarai. Abin da nake cewa, kada ta zama ita kaɗai ce shaida. Ka riƙe littafinka na hannu, ka rubuta shige da fice kullum, ka adana rasit, ka ɗauki hoton allon kafin ka rufe shago. Kafin ka karɓi wakilcin kowane kamfani, a karanta maka yarjejeniyar, ka san wa ke ɗaukar giɓi, kuma ko za a ba ka cikakken bayanin cinikinka in gardama ta taso. Lissafin da ba ka yarda da shi ba, kada ka sa masa hannu don gudun fitinar yau. In an ce maka kai kaɗai ne, zagaya ka tambayi abokan sana'a.

Ku kuma iyayen gida, ku ji tsoron haƙƙin yaran nan. Yaro ya baro garinsu ya biyo ka ƙasar da ba ya da kowa, dukiyarsa kaf ita ce sunansa. In waya ta nuna giɓi, ku zauna da shi, ku ƙirga kaya, ku bi rasit ɗaya bayan ɗaya, ku kira na uku ya duba. Kalmar ɓarawo in ta fita a zango, kafin mako ta isa gidansu, kuma ko an gano gaskiya daga baya, ba kowa ne zai ji wankewar ba.

Sai wani makon, in muna da rabon ganawa.