Ɗaurin Talala: Naƙasasshe da Dokar Ajiya a Amurka

Sanin kowa ne cewa tsimi da tanadi halaye ne da ake yabon mutum a kansu ko'ina cikin duniya. Uba yakan hori ɗansa da ya riƙa ajiye wani abu saboda ranar da ba a fata. To, amma akwai mutane fiye da miliyan 7 a ƙasar Amurka waɗanda doka ta mayar musu da wannan hali abin tsoro, har ya zamana wanda ya yi tanadi a cikinsu shi ke shan wuya. Waɗannan su ne makafi da guragu da masu ciwon da ya hana su neman abinci, da kuma tsofaffi marasa ƙarfi, watau masu karɓar taimakon gwamnatin tarayya da ake kira SSI.

Shugaba Nixon ne ya sa hannu a dokar wannan taimako cikin 1972, aka soma biya a watan Janairu na 1974. A shekarar 2025 mafi yawan abin da gwamnatin tarayya take ba mutum ɗaya shi ne dala 967 a wata. Amma fa akwai sharaɗi: kada dukiyar mai karɓa ta wuce dala 2,000. Ba a lissafa gidan da yake zaune a ciki, da mota guda, da kayan ɗaki. Sauran kuwa, musamman abin da ke banki, ana duba shi ran ɗaya ga kowane wata. In ya haura ko da dala ɗaya, to, kuɗin wannan wata ya kuɓuce masa, in ma an riga an biya sai a bi shi bashi.

Abin mamaki shi ne yadda wannan adadi ya daskare wuri guda. Da aka fara, dala 1,500 ne, aka yi ta ƙara shi kaɗan-kaɗan har ya kai 2,000 a 1989, daga nan kuma har zuwa 2025 ba a sake taɓa shi ba. Kuɗin wata-wata ana daidaita shi da tsadar kaya, amma iyakar ajiya an bar ta kamar an manta. Abin da dala 2,000 za ta saya a 1989, yanzu sai an ba da fiye da 5,000. Ashe ke nan ba wanda ya zauna ya rage iyakar, tsadar kaya ce ta cinye fiye da rabinta, 'yan majalisa suna kallo.

Sai kuma batun aiki. A nan dokar ta ɗan yi sassauci, domin ba ta hana aiki ba. Ana yafe dala 85 ta farko daga ladan wata (wannan ma tun 1972 bai motsa ba), sa'an nan a rage dala ɗaya daga taimakon a kan kowace dala biyu da mutum ya samu. Alal misali, a ɗauka wani gurgu ya sami aikin amsa waya a wani kanti, yana karɓar dala 885 a wata. Za a fitar da 85, saura 800, a zabge rabinta daga taimakon. Watau 567 za a ba shi, ya tashi da dala 1,452. Lalle ya fi wanda ya zauna a gida. Amma me zai yi da rarar? In ya daure yana ajiye 400 kowane wata, a wata na shida ya ƙetare iyaka. Keken guragu mai inji yakan ci dubban daloli, haka ma kuɗin kama ɗakin haya ko gyaran mota. Duk abin da zai ɗaga mutum daga inda yake, sai an tara ake samunsa, tarawar kuwa ita aka hana. Ba sunan da ya dace da wannan sai ɗaurin talala: an saki igiya akuya ta yi kiwo, amma turken yana nan.

Wani zai ce, to, ya bar taimakon mana tunda ya sami aiki. Mai faɗin haka bai san cewa a yawancin jihohi da SSI ake samun Medicaid ba, watau tsarin da ke biyan kuɗin asibiti da magani, har da ladan mai zuwa gida ya ɗaga mara lafiya ya yi masa wanka. Doka ta yarda wanda albashinsa ya ɗan ƙaru ya ci gaba da riƙe Medicaid ta wannan hanya, amma sharaɗin dala 2,000 yana nan biye da shi. Wanda numfashinsa ya dogara ga na'ura ba zai yi caca da wannan ba, gara ya kashe kuɗin a kan abin da ba ya buƙata.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma ba a raina ta. Sun ce baitulmali ba teku ba ne, dole a ware mabuƙaci daga mai hali, in ba haka ba mai dukiya zai zo ya tsaya a layin talakawa. Gaskiya ne. Sai dai mai dala 2,500 a banki ba mai hali ba ne a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan iya cinye ta. Tun ƙarnoni da suka wuce malaman Malikiyya suka warware irin wannan mas'ala a babin zakka. A wurinsu fakiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi shekara ba, kuma a cikin Muhtasar na Shehu Halilu an halatta a ba wanda ya mallaki nisabi, da wanda ke iya sana'a. Buƙatar mutum ta shekara suka auna, ba abin da aka tarar a aljihunsa ran ɗaya ga wata ba.

Ita ma Amurka ta gane akwai gyara. Cikin Disamba 1914 ba a san da wannan magana ba, amma shekara ɗari bayan haka, a Disamba 2014, Shugaba Obama ya sa hannu a dokar ABLE, wadda ta yarda naƙasasshe ya buɗe asusu na musamman da ba za a lissafa dala 100,000 ta farko a cikinsa ba. Da farko sai wanda naƙasar ta same shi kafin ya cika shekara 26, daga baya aka zartar a ɗaga zuwa 46 daga Janairu 2026. Wannan faci ne a kan tsohuwar riga. Wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar yana da shekara 50 ba shi da rabo a ciki.

Gyaran da ya kamata an riga an rubuta shi. A 2023 Sanata Sherrod Brown da Sanata Bill Cassidy, ɗaya daga kowace babbar jam'iyya, sun kawo ƙuduri a mayar da iyakar dala 10,000 ga mutum ɗaya, 20,000 ga ma'aurata, kuma ta riƙa tashi tare da tsadar kaya. Majalisar ta gama wa'adinta a Janairu 2025 ba a zartar ba. Ɓangaren ma'auratan ma shi ya fi gaggawa. Masu karɓar SSI biyu kowa yana iya ajiye 2,000, amma ranar da aka ɗaura musu aure iyakarsu ta koma 3,000 su biyun, kuɗinsu na wata kuma, bisa lissafin 2025, ya sauko daga dala 1,934 zuwa 1,450.