Ƙugun Kuromosom Ya Wuce Ɗigon Tawada

Ɗalibai da yawa sun iya zana kuromosom da siffar harafin X, su ɗiga tawada a tsakiyarsa, su rubuta “sentiromiya”. Amma da zarar an tambaye su aikin wannan ɗigo, sai aji ya yi tsit. Wannan giɓi ne babba a koyarwa, domin adalcin rabuwar ƙwayar halitta a kan ɗigon nan ya rataya.

Galibin ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da kuromosom 46. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, kowane kuromosom yakan kwafi kansa, ya zama tagwaye manne da juna a ƙugu. Ƙugun nan shi ne sentiromiya. A kansa ake gina wani mariƙi na furotin, inda zaruruwa daga ɓangarorin ƙwayar biyu suke zuwa su kama. Ba a fara ja sai kowane ƙugu ya kamu ta fuska biyu. Sannan a tsinke abin da ya haɗa tagwayen, ɗaya ya yi nan, ɗaya ya yi can. Rabon gado ke nan wanda ba ya son ƙwange. Guntun kuromosom da ya rasa ƙugu kuwa ba shi da mai jansa, yakan salwanta a hanya.

Idan rabon ya kuskure wajen samar da ƙwan mace ko maniyyin namiji, har kuromosom na 21 ya zo wa jariri uku maimakon biyu, akan haife shi da larurar Down, kamar yadda aka gano a Faransa a 1959. Ɗalibin da ya fahimci haka ba zai ɗora wa uwa laifi ba, balle ya zargi mayu ko iskoki.

Masana kansu ba su raina ƙugun nan ba. Lokacin da aka kammala babban aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003, wurin sentiromiya ya gagara saboda yawan maimaicin da ke cikinsa, sai a 2022 aka cike gurbin.

Malami na iya cewa manhaja ta yi yawa, kayan aiki sun yi ƙaranci. Gaskiya ne, amma bakin saiwar albasa, mai kuromosom 16, da ɗan rini da madubin likita sun isa a ga rabuwar da ido. Inda babu madubi, igiya biyu da aka ƙulle a tsakiya, ɗalibai biyu suna ja, ta fi haddar sunayen matakai amfani. Gani ai ya kori ji.