Wa Ya Ɗaure Rumfar?

A farkon daminar bara na halarci walimar wani ɗan'uwa a Kano. An kafa rumfuna shida a kan kwalta, an lulluɓe ƙarafansu da yadi mai sheƙi. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, ƙura ta taso, kafin a ankara rumfa guda ta ɗaga sama ta kifa kan kujerun da yara suka bari ba da jimawa ba. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji rauni. Da na duba ƙafafunta, bulo ɗaiɗai aka jingina musu. Mai walimar injiniya ne. Ya shafe wata biyu yana tantance mai abinci da mai hoto, amma rumfa saura kwana uku ya sa ƙaninsa ya nemo mai araha.

Wannan halin nake ƙalubalanta, kuma namu ne, mu masu ilimi da albashi. Mukan ɗauki rumfa kayan ado, alhali gini ce ta wucin gadi da za a zaunar da ɗaruruwan mutane a ƙarƙashinta. Cikin duk abin da ake haya ranar biki, ita da wutar lantarki ne ke iya kisa. Su ne kuma muke bari sai ƙarshe, bayan anko da kayan rabo sun lashe kuɗin.

Bari mu yi lissafi. Ƙarfin da iska ke danna abu da shi ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 72 a sa'a tana danna kowace murabba'in mita da ta tare ta da nauyin da ya kusa kilo 25. Rumfa mai mita shida tsawo da faɗi tana da rufin murabba'in mita 36. Ko rabin wannan ƙarfi ne ya shige ƙarƙashinta, kilo 450 ke nan ke ɗaga ta sama, nauyin buhun siminti tara. Bulo huɗu ba za su riƙe wannan ba. Hadarin farkon damina a ƙasarmu kuwa iska yake turowa gaba kafin ruwa, yawanci daga gabas, sau da yawa da yamma, daidai lokacin kamu da yinin biki.

Kada a ce ina zuzuta ƙaramin abu. A Yunin 2019, a gundumar Barmer ta jihar Rajasthan a Indiya, iska ta kayar da babbar rumfar wani taron addini, aƙalla mutum 14 suka rasu, wasunsu wutar lantarki ce ta kama su bayan faɗuwar. Mahajjatanmu kuma ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci tantuna da rayukan fiye da mutum 300. Bayanta ne Saudiyya ta sauya tantunan da waɗanda ba sa cin wuta. Darasin a fili yake: kayan da aka yi rufin da su, da yadda aka kafa shi, su ke raba taro da makoki.

Na san amsoshin da za a ba ni. Ta farko, rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne, amma turaku da igiya da buhunan yashi ba su kai kuɗin furannin roba da ake rataya wa rumfar ba. Ta biyu, Allah ne mai tsarewa. Babu musu, sai dai tun muna yara aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ta uku ta fi wuyar turewa: mai hayar namu ne, ɗan unguwa ne, tambaye-tambaye za su zama kamar rashin yarda. To, ai shi ma amfaninsa ne. Mai haya abin da ake tambaya yake tanada. Muddin launi da farashi kawai muke tambaya, wanda ya sayi ƙarfe mai kauri ya ɗauki ma'aikata ƙwararru shi zai yi asara, ɗan ha'inci ya ci kasuwa. Mu muka lalata sana'ar da irin cinikinmu.

Saboda haka, kafin ka ba da kafin alƙalami, ka je ma'ajiyarsa da ƙafarka, kada ka dogara da hoton WhatsApp. Duba gaɓoɓin ƙarfen: akwai tsatsa, akwai walda kan walda? Ɗaga tampol ɗin ka ga ko rana na leƙowa ta cikinsa. Ka nemi ya zo ya ga filin, domin wanda ya yanke farashi bai san ƙasa ce, kwalta ce ko daɓen siminti ba, bai yi tunanin ɗauri ba sam. Tambaye shi kai tsaye: da me za ka riƙe ƙafafun? A ƙasa turaku ake bugawa, a kan kwalta kuwa nauyi ake ɗaurawa a kowace ƙafa, ɗauri na gaske, ba jingine ba. Ɗaga kai ka dubi wayoyin lantarki da ke saman layin. Wayar janareta kada ta bi jikin ƙarfe, murhun masu girki kada ya kusanci yadin ado. Sannan tambayar da ba mai yi: wa zai tsaya daga cikin ma'aikatanka har a tashi, wanda zai iya cewa a fita in hadari ya haɗo? Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashe kullum, dubawa kuma kyauta ce.

Sai rubutu. Abin mamaki ne lauyan da ba ya sayen fili sai da takarda ya tura dubban nairori kan maganar baka. Adadin rumfuna da girmansu, yawan kujeru, lokacin kafawa da na kwashewa, makomar kuɗi in an ɗage taro, duk su shiga takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu kuma ya yi bayanin cewa wanda ya ɗauki kaya haya ba ya lamunin lalacewarsu a hannunsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Da ɓangarorin biyu sun zauna kan wannan tun farko, da rigimar kujerun da suka karye, wadda ke ɓata zumunci washegarin biki, ta ragu ƙwarai.

Wanda ya aika katin gayyata ya ɗauki amanar duk wanda ya amsa: tsohuwar da ba ta iya gudu, da jaririn da ke goye, da maƙwabcin da aka toshe wa layi. Baƙo ba shi da damar duba turke, zama kawai zai yi inda aka nuna masa. Idan mai haya ya ji haushin tambayoyinka, ya riga ya ba ka amsa, nemi wani. Idan kuma kuɗinka bai kai rumfa shida masu ɗauri ba, kafa uku ka rage gayya.