Ka Ba Shi Wayar, Amma Ka Kulle Layin Tun a Gida

Duk sa'ad da aka caka wa wani wuƙa a Ɗorayi ko Ƙofar Ɗan'agundi a Kano saboda waya, maganar da ake ji a wajen zaman makoki ɗaya ce: "Da ma ya ba su." Ni ma ra'ayina ke nan. Idan yaro ya zaro maka ɗanbida, miƙa masa wayar. Wanda ya bugu da ƙwaya ba ya tunanin gobe, kai kuwa iyali na jiranka. Masu cewa a koyi dambe ko a riƙa yawo da wuƙa ba su taɓa ganin yadda abin ke faruwa ba: su uku ne ko huɗu, kuma kafin ka juya an gama.

To me ke sa mutum mai hankali ya tirje? Sau da yawa abin da ke cikin wayar yake karewa. Layinsa na haɗe da asusun banki, da BVN, da NIN. Ɓarawo ya zare layin, ya sa a 'yar ƙaramar waya, ya shiga lalubar asusu ta lambobin USSD, ko ya ci bashi da sunanka. Magidancin da jarinsa kaf yake can dole zuciya ta ɗebe shi.

Saboda haka kare kai daga gida yake farawa. Ka sa wa layin kansa lambar sirri, wato PIN na SIM, daban da makullin fuskar waya; in an yi kuskure sau 3, layin zai rufe sai da PUK. Ka danna *#06#, ka kwafe lambar IMEI mai alƙaluma 15, ka ajiye tare da rasit. Ka haddace lambar da bankinka ya tanada don toshe asusu daga wayar wani. Kada ka adana lambar sirrin ATM a cikin saƙonni. Wanda ya yi wannan, in an tare shi, kuɗin waya kawai ya rasa, kuma miƙawa ba za ta yi masa nauyi ba.

Sauran dabarun kowa ya san su, sakaci ne ke hana mu: latse-latse a gefen adaidaita sahu, toshe kunnuwa a lungu bayan magariba, haska hanya da waya lokacin fita sallar asuba.

Gwamnatin Kano ta hana adaidaita sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022, a 2023 kuma ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Madalla. Sai dai 'yan ƙwace ba sa jiran goman dare. Ƙona adaidaitan da ake zargin na 'yan ƙwace ne da sauran ɗaukar doka a hannu ma ba magani ba ne. Ihun "ɓarawo" kan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Inda nake son a matsa shi ne wajen masu saye. Ɓarawo ba ya ƙwatar wayar da ba shi da inda zai kai ta. Alhajin da ya sayi tsadaddiyar waya a rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, ya san abin da ya saya, ko da bai tambaya ba. Shugabannin kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut su wajabta rubuta IMEI da shaidar mai sayarwa a kan duk wayar hannu da ta shigo, 'yan sanda kuma su gurfanar da mai karɓa tare da mai ƙwace a gaban alƙali ɗaya.