Hawa da faɗuwa a gasannin ƙwallon ƙafa na Ingila

Hawa da faɗuwa tsari ne da ake bi a ƙarshen kowace kakar wasa a Ingila, inda ƙungiyoyin da suka ƙare a saman teburi suke haurawa gasar da ke sama da tasu, waɗanda suka ƙare a ƙasa kuma su gangara gasar da ke ƙasa. Wannan ne ya sa wasannin watannin Afrilu da Mayu suke ɗaukar zafi har a tsakanin ƙungiyoyin da ba su da damar lashe kofi.

Yadda tsarin yake

Gasar Firimiya tana da ƙungiyoyi 20, kowacce na buga wasa 38, kuma ukun ƙarshe ne ke faɗuwa. A ƙarƙashinta akwai Championship, League One da League Two, masu ƙungiyoyi 24 kowacce. Nasara tana kawo maki uku, canjaras maki ɗaya. Idan maki ya zo daidai, ana duba bambancin ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka zura mata.

A kakar 2024/25, ta ɗaya da ta biyu a Championship sun haura kai tsaye, ta uku zuwa ta shida kuma suka buga wasannin cike gurbi, waɗanda ake kammalawa a filin Wembley da ke Landan. Daga League One ƙungiyoyi uku ke hawa, huɗu su faɗi. Daga League Two huɗu ke hawa, biyu su gangara National League. An fara wasannin cike gurbi a shekarar 1987.

Batun kuɗi

Kuɗin nuna wasa a talabijin shi ne ginshiƙin wannan fafatawa. Ko ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a Firimiya tana samun sama da fam miliyan 100 a kaka guda, abin da ya ninka rabon ƙungiyar Championship sau da yawa. Don haka faɗuwa takan jawo sayar da manyan 'yan wasa, rage albashi, wani lokaci har da sallamar ma'aikata.

Domin rage raɗaɗin, Firimiya na biyan ƙungiyar da ta faɗi wani tallafi: kashi 55 cikin ɗari na rabon bai-ɗaya na kuɗin talabijin a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, sai kashi 20 a ta uku ga wadda ta yi fiye da kaka ɗaya a gasar. Masu goyon bayan tallafin na cewa yana hana ƙungiyoyi durƙushewa. Hukumar EFL mai kula da ƙananan gasannin kuwa ta daɗe tana sukarsa, domin yana fifita waɗanda suka sauko a kan sauran, yana kuma tura abokan hamayyarsu cin bashi don su yi gogayya da su.

Giɓin da ke ƙara faɗi

A kakar 2023/24, Luton Town, Burnley da Sheffield United da suka hau Firimiya duk sun koma inda suka fito, abin da ba a gani ba tun 1997/98. Sheffield United kaɗai an zura mata ƙwallo 104. Hakan ya maimaitu a 2024/25 da Leicester City, Ipswich Town da Southampton. Southampton ta ƙare da maki 12, wato maki ɗaya kacal sama da 11 da Derby County ta samu a 2007/08, mafi ƙaranci a tarihin gasar.

An daɗe ana ɗaukar maki 40 a matsayin tudun mun tsira, duk da cewa West Ham ta faɗi da maki 42 a 2003. Raunin sababbin ƙungiyoyi ya sauke wannan ma'auni: Nottingham Forest ta tsira da maki 32 a 2024, bayan an cire mata huɗu saboda karya dokar kashe kuɗi. A wancan lokacin dokar ta hana ƙungiya asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekaru uku, kuma a wannan kakar Everton ma ta rasa maki takwas a kanta. Ke nan makomar ƙungiya ba a fili kaɗai ake yanke ta ba, har da gaban kwamitin shari'a.

Muhawara kan wasannin cike gurbi

A 2024/25, Leeds United da Burnley sun haura da maki 100 kowacce. Sheffield United ta zo ta uku da maki 90, Sunderland ta huɗu da 76, amma Sunderland ce ta yi nasara da ci 2-1 a Wembley, da ƙwallon da Tom Watson ya ci a ƙarin lokaci. Masu suka na ganin bai dace wasa ɗaya ya shafe tazarar maki 14 ba. Masu kare tsarin kuwa na cewa shi ke bai wa ƙungiyoyin tsakiyar teburi dalilin dagewa har ranar ƙarshe.

Sauyin matsayi

Babu ƙungiyar da ke da tabbacin zama. Leicester ta ci wasa bakwai cikin taranta na ƙarshe ta tsira a 2015, ta lashe Firimiya a 2016, sannan ta faɗi a 2023 tana da 'yan Najeriya Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho. Luton ta gangara sau biyu a jere, a 2024 da 2025, kamar yadda ya faru da Sunderland a 2017 da 2018.

A watan Yulin 2025 aka kafa dokar samar da hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan harkokin kuɗin ƙungiyoyin Ingila. Daga cikin ikonta har da shiga tsakani idan Firimiya da EFL suka kasa daidaitawa kan rabon kuɗi. Yadda wannan rabo zai kasance zai yi tasiri sosai a kan ko sababbin ƙungiyoyi za su riƙa iya zama a Firimiya bayan sun hau.