Waiwayen Tsohon Dodo: Wasan Blood Bayan Shekaru

Duk wanda ya koma ga abin da ya firgita shi yana yaro yakan tarar dodon ya ƙanƙance, kamar yadda mai ziyartar tsohuwar makarantarsa ta firamare kan tarar ajin da yake ɗauka makeken zaure ne ashe ɗan ɗaki ne. Abin da ke samun waɗanda suka yi ƙuruciya da wasan kwamfuta mai suna Blood ke nan, idan suka waiwaye shi bayan furfura ta fara leƙowa. Kamfanin Monolith Productions na Amurka ne ya fitar da shi a 1997.

Wasan na harbi ne, irin wanda mai wasa ke kallon duniya ta idon jarumin, ba ya ganin komai na jikinsa sai hannu da makami. Jarumin, Caleb, ɗan bindiga ne da ya yi wa wani abin bauta mai suna Tchernobog hidima a ƙungiyar asiri ta Cabal, daga bisani ubangidan ya ci amanarsa ya hallaka shi. Wasan yana buɗewa da tashinsa daga kabari, riƙe da wani ƙarfe mai yatsu na kwasar ciyawa. Daga nan sai maƙabarta, da gidan shirya gawa, da gawawwaki masu tafiya ɗauke da gatura, da guntayen hannuwa masu tsalle su shaƙe mutum.

Mafi yawan masu komawa gare shi, da zarar sun ga hotunan sun yi birbishi-birbishi, sai su yanke hukuncin cewa ashe dama babu komai a cikinsa, yarinta ce kawai. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Gaskiya ne an gina wasan a kan manhajar Build ta Ken Silverman, wadda dodanninta shafaffun hotuna ne marasa kauri. To amma ai mai ba da tatsuniya ba ta taɓa zana wa yara Dodo ba. Murya take sauyawa, mai sauraro ya ƙera sauran a zuciyarsa. Ƙarancin hoton nan shi ne ya bar wa tunanin yaron gurbin aiki. Saboda haka abin da babba ya rasa ba a cikin wasan ya ɓace ba, a cikin kansa ne.

Hasali ma akwai ɓangaren da bai tsufa ba, wato sauti. Mabiya ƙungiyar asirin suna kururuwa da wani ƙirƙirarren harshe mai ƙamshin Latin. Kunne yana jin gaɓoɓi da karin magana, ya tabbata magana ce ake yi, amma ma'ana ta ƙi samuwa, kuma wannan ya fi gurnanin dabba tayar da tsikar jiki. Mai nazarin harshe zai ga darasi a nan game da abin da sauti ke iya isarwa tun kafin ma'ana ta iso. Ga kuma dusasshiyar muryar Caleb, wadda Stephan Weyte ya yi, mai dariya da rera waƙa a tsakiyar ɓarin wuta.

Wannan dariya ita ce mabuɗin karatu na biyu. Yaro tsoro ya gani. Babba kuwa, da ya san finafinan ban tsoro, sai ya gane wasan cike yake da barkwanci da zolayar magabatansa. Akwai, alal misali, matakin da aka gina shi sukutum a kan otal ɗin fim ɗin The Shining na Stanley Kubrick, na 1980, ga kuma aron da aka yi ta yi daga finafinan Evil Dead. Matanin bai sauya ba, mai karatun ne ya sauya. Ɗalibin koyarwa ya san irin wannan, domin littafin da aka tilasta masa a sakandare wani abu daban yake zama idan ya buɗe shi da niyyar koyar da shi.

Ba za a musa wa masu cewa wasan ya cika zubar da jini da siffofin tsafi ba. Sunansa ma jini yake nufi, kuma ba abin da za a miƙa wa yaro ba ne, balle a shigar da shi aji. Sai dai ƙyamar abu daban, barinsa ya shafe daga tarihi daban.

Kuma saura ƙiris ya shafe. Ya fito a makare, bayan Quake na 1996 ya riga ya kawo dodanni masu cikakkiyar siffa, sannan Blood II na 1998 bai samu karɓuwa ba. An saki asalin rubutun manhajar takwarorinsa, Duke Nukem 3D da Shadow Warrior, ga jama'a, nasa kuwa ba a saki ba, sai da masoyansa suka yi ta warwarar wasan suna sake ɗinka shi don ya yi aiki a sababbin kwamfutoci. A 2019 ne kamfanin Nightdive Studios ya fitar da sabuntaccen bugu mai suna Fresh Supply. Shi kuwa Monolith an rufe shi a 2025.

Blood ya yi sa'a ke nan. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Littafin da aka buga a 1997 ana iya ɗauko shi daga kanta a kaɗe ƙura a karanta. Faifan wasan da aka yi wa tsarin DOS a wannan shekarar kuwa, ko yana nan garau, yawancin kwamfutocin yau ba su da ma ramin da za a zura shi.