Waiwaye: Daga Mazubin Ƙasa Zuwa Fayil ɗin Kwamfuta

Waiwaye adon tafiya. Mu da muka yi wayo a Gwashi da garuruwan da ke tsakanin Bukkuyum, Anka da Gummi, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke mana Zamfara a 1996, mun ga yadda tukunyar goran ruwa ta ture tukunyar ƙasa daga kan murhu. Iyayenmu mata ba su karɓe ta hannu bibbiyu ba da farko, cewa suke yi miya ba ta daɗi a cikinta. To amma ba ta fashewa, ba ta cin itace, kafin ka ce kwabo ba a kai amarya ɗaki sai da jerinta. Tukunyar tana nan a kowane gida har gobe. Abin da ya ɓace mana shi ne ilimin da ke hannun masu zuba ta.

Sana'ar ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tarkacen alminiyam ya yawaita. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu zubi, ko a Panteka ta Kaduna ko a bayan kasuwannin manyan garuruwanmu, zai tuna yadda abin yake. Akwai tukunyar asali, wadda aka raba biyu don ta fita daga ƙasa cikin sauƙi. Za a cika cikinta da ƙasa mai ɗan danshi da danƙo, a kifa ta cikin akwatin katako, a zuba wata ƙasar ta waje a daddaɓe. Sannan a buɗe akwatin a hankali, a zare tukunyar, a mayar a rufe. Abin da ya rage a tsakani fili ne siriri, daidai kaurin bangon tukunya. Can gefe yaro na juya ƙafar keke yana hura gawayi, gwangwanaye da tsofaffin fistin na narkewa, domin alminiyam ba ya zama ruwa sai zafi ya kai wajen digiri 660. A zuba ta ƙaramar kafa, a ɗan jira, a fasa ƙasar, sai ga sabuwar tukunya da lambarta a jiki.

Yau jikokinmu da ke karatu a Gusau da Ƙauran Namoda suna yin kusan wannan aikin, sai dai a kwamfuta. Yaro zai zana murfin injin ban-ruwa ko haƙoran wani giya da ya karye, zane mai tsawo da faɗi da kauri wanda ake jujjuyawa ta kowace fuska, ya tura wa mai injin da ke fitar da abu da roba, a Kano ko Kaduna. Kafin zanen ya isa can, dole a sauya shi daga irin fayil ɗin da manhajarsa ta sani zuwa irin wanda ta can za ta iya buɗewa.

Tsofaffin masu zubi sun san wani abu game da irin wannan sauyi. Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Alminiyam kan rage fiye da kashi 1 cikin 100 na tsawonsa, ga kuma abin da zarto zai ci wajen gyara. Saboda haka duk tukunyar da ta fito ba ta kai wadda aka kwafa girma ba. Mai gaggawa zai sayi tukunya a kasuwa ya yi zubi da ita, wani ya sayi tasa shi ma ya yi. Kafin a yi haka sau huɗu ko biyar, lambar jiki ta dushe, kunne ya sirance, murfi ya daina zama. Uwargida ce ke fara ganewa, ranar biki, idan shinkafar da ta saba zubawa ta ƙi shiga. Shi ya sa ƙwararre ba ya wasa da tukunyar asali. Ba a girki da ita, ba a ba da aronta. Idan almajirin sana'a ya miƙa hannu zai ɗauki wadda aka zuba jiya don a yi sabon mazubi, sai ka ji maigidan ya ce, “Kai yaro, ajiye wannan, ɗauko ta cikin ɗaki.” Shi kuma ya ce, “To, Baba,” ba tare da ya tambayi dalili ba.

Dalilin nan bai tsufa ba. Fayil ɗin da masu injin fitar da abu suka fi nema shi ne STL, wanda kamfanin 3D Systems na Amurka ya fito da shi a 1987. Ba ya riƙe komai sai fatar abu, wadda yake rufewa da dubban ƙananan siffofi masu kusurwa uku. Da'ira ta gaskiya ba ta rayuwa a cikinsa, sai dai gajerun layuka da aka jera su yi kama da da'ira. Ba ya ɗaukar launi, kuma ba ya faɗin ma'aunin da aka yi aiki da shi. Idan yaro ya yi zane da inci, na can ya buɗe da milimita, abin zai fito ƙasa da yadda aka nufa har sau 25.4, murfin inji ya koma kamar maɓallin riga. Fayil ɗin OBJ yana tafiya da launi, amma a wani ɗan fayil dabam mai suna MTL tare da hotunansa. Ka tura shi shi kaɗai ta WhatsApp, can ya buɗe fari fat. Wani lokacin ma abin a kwance yake isa, domin manhajoji ba su yi ittifaƙi a kan wace fuska ce sama ba.

Kafin zuwan alminiyam ma, maƙeran fari sun san asarar da ke cikin kwafi. Masu zubin tagulla kan sassaƙa likkafa ko munduwa da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa kakin ya tsiyaye, su zuba ƙarfe a gurbinsa. Kakin ya tafi, yumɓun an fasa shi. Idan zubin ya lalace babu inda za a koma sai ƙwaƙwalwar maƙeri da yatsunsa.

Yaranmu sun fi su sa'a nesa ba kusa ba, tunda kwafin fayil iri ɗaya ba ya tsukewa ko sau dubu aka yi. Asarar tana shigowa ne wajen sauya iri, kuma hanya ce mai zuwa babu dawowa. Akwai fayil mai suna STEP, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar a 1994 don injiniyoyi. Shi yana riƙe rami a matsayin rami, da faɗinsa daidai. Daga STEP zuwa STL aikin daƙiƙa kaɗan ne a manhajar kyauta irin FreeCAD. Amma a ce za a dawo daga STL zuwa zane mai tsabta wanda za a iya faɗaɗa raminsa da rabin milimita, wannan sau da yawa sai an sake zane daga tushe. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda yaro zai kwana yana aiki, ya fitar da STL, sannan ya goge na asalin don waya ko kwamfuta ta cika. Maigidan rumfar zubi da bai taɓa shiga aji ba ba zai yi wannan ba.

Su kuwa masu zubin namu suna ta ƙarewa. Rashin tsaron da ya addabi yankinmu ya tashi wasu daga rumfunansu, wasu tsufa ya zaunar da su, 'ya'yansu sun kama wata hanyar abinci. Tukwanen asali da tsofaffin likkafu suna can a zaure ko ƙarƙashin gado, kuma 'yan gwangwan na yawo, kilo suke aunawa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an adana ta.

Ga roƙona ga 'ya'yanmu masu boko. Idan kun zo gida hutu, ku je ku gaishe da dattijon maƙerin unguwarku, ku nemi izininsa ku ga kayan da ya ɓoye. Wayar da ke hannunku ta isa ta ɗauki hotunan abu ta kowace fuska, akwai kuma manhajar kyauta irin Meshroom da ke haɗa su su zama siffa cikakkiya, sannan a gyara a Blender. Ku ajiye rula kusa da abin kafin ku ɗauka, ku rubuta ma'auninsa da milimita da sunan mai shi da garinsa. Hotunan farko da fayil ɗin farko ku ajiye su wuri biyu, duk wanda ya nemi wani iri ku fitar masa daga na asalin.